Abin da tsohuwar kwamfutata ta koya mini game da Linux da neman aiki

A cikin tallace-tallacen guraben aikin fasaha da na yi watanni ina karantawa bayan na kammala karatu, akwai kalma ɗaya da ta riƙa maimaituwa har ta fara damuna, wato Linux. Ko ana neman mai kula da hanyoyin sadarwar ma'aikata, ko mai tsaron bayanai, ko mai ɗora manhaja a kan intanet, sai in tarar an rubuta cewa dole mai nema ya iya aiki da shi. Ni kuwa na san ma'anarsa a takarda, na taɓa rubuta ta a jarrabawa har na ci maki, amma ban taɓa zama gabansa na yi aikin awa ɗaya cikakkiya ba. Wannan giɓin da ke tsakanin abin da na haddace da abin da hannuna ya iya shi ne ya sa na ƙudurta koyonsa da gaske, kuma yadda koyon ya kasance nake so in rubuta a nan, ko zai amfani wani da yake tsaye a inda na tsaya a lokacin.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kowace kwamfuta tana da wani babban tsari da ke zaune tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin da muke amfani da su. Shi ne ke raba wa kowace manhaja lokacinta da wurinta a ma'adana, shi ke magana da allo da madannai da faifan ajiya, shi ke sanin wane ne ya shiga da kuma abin da aka yarda ya taɓa. Windows irin wannan tsarin ne, haka ma macOS, haka ma Linux. Abin da ya bambanta Linux shi ne asalin rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kowa yana iya karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Tushen al'amarin ya koma ga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a shekarar 1969. A 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU da nufin gina tsari mai kama da Unix wanda mai amfani da shi zai samu 'yancin yin aiki da shi, da nazarinsa, da sauya shi, da rarraba shi. Shirin ya samar da kayan aiki masu yawa, amma zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke sarrafa na'urar kai tsaye, ba ta kammala ba. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ya sanar cewa yana rubuta irin wannan zuciyar don sha'awar kansa, kuma a 1992 ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL na shirin GNU, wanda ke ba kowa izinin amfani da ita da gyara ta da rarraba ta. Haɗuwar waɗannan ayyuka biyu ita ce abin da muke kira Linux a yau.

Da farko wannan tarihin bai burge ni ba sai da na kwatanta shi da abin da na sani a unguwarmu. Yaron da aka kai gareji koyon kanikanci ba ya koyo daga motar da aka hana buɗe bonet ɗinta. Yana koyo ne daga wadda aka kwance injinta a gabansa, ya wanke sassan da fetur, ya ga inda kowanne yake zama, ya mayar da su ba daidai ba a yi masa gyara. Linux irin wannan motar ce. Kusan duk saitin da ke cikinsa rubutu ne a cikin fayil da kake iya buɗewa ka karanta, kuma idan wani abu ya lalace, tsarin yana rubuta dalilin a wani wuri da kake iya zuwa ka duba. Masu ɗaukar aiki suna nemansa ne domin a kansa duniyar fasaha take gudana. Tun daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ke cikin jerin TOP500 da Linux suke aiki, wayoyin Android da ke aljihunmu a kan zuciyar Linux aka gina su, kuma kaso mai yawa na kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da shi suke tafiya. Da na karanta cewa kamfanin IBM ya sayi Red Hat, wanda kasuwancinsa ya ginu a kan Linux, da dala biliyan 34 a shekarar 2019, sai na daina kallon abin a matsayin wasan masu sha'awa.

Kwamfutar da nake da ita ta cinya ce 'yar gwanjo, RAM ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita nan take, gigabait 4, batirinta kuwa ba ya riƙe awa ɗaya idan an ɗauke wuta. Na fara da hanyar da aka fi ba sababbi shawara, wato a ɗora Linux a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta ta kwaikwayo a cikin ta gaske. Hanya ce mai aminci, ba na kushe ta, amma ni ba ta yi mini ba saboda dalilai biyu. Na farko, na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukar tsari biyu a lokaci ɗaya, komai sai ya yi nauyi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, duk lokacin da wani abu ya gagare ni sai in rufe tagar in koma tsarin da na saba da shi, in yi aikina a can, in ce gobe zan dawo. Bayan wata guda na lura cewa ban ƙaru da komai ba. Saboda haka na kwashe duk takarduna da hotunana zuwa wani faifai na waje, na tabbatar suna buɗewa, na sauke wani nau'in Linux mai suna Linux Mint, mai fuskar Xfce mara nauyi, da tsakar dare lokacin da data ta fi araha, na rubuta shi a filash, na share komai na ɗora shi shi kaɗai. Duk wanda zai bi wannan hanya ina roƙonsa kada ya tsallake batun kwashe fayiloli, domin abin da aka share a wannan mataki ya tafi ke nan.

Abin da na fara gani shi ne kwamfutar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin mafi yawan kwamfutocin da ɗalibanmu ke iya saya tsofaffi ne, kuma tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar wasu sassan da yawancin tsofaffin na'urori ba su da su, kwamfutoci masu yawa da ke da sauran ƙarfi za su iya ci gaba da aiki cikin tsaro idan aka ɗora musu Linux. Abu na biyu da na gani shi ne Wi-Fi ba ya aiki. A da, da na ɗauki kwamfutar na kai wa mai gyara. A wannan karon sai na haɗa wayata da kebul na ba kwamfutar intanet ta nan, na koyi umarnin lspci wanda ke jero sassan da ke cikin na'ura da sunayensu, na gano sunan ɓangaren da ke kama Wi-Fi, na nemo direban da yake buƙata, wato ƙaramar manhajar da ke sa tsarin ya iya magana da shi, na girka shi. Aikin ya cinye mini yamma guda, amma shi ne karo na farko da na tambayi kwamfuta abin da ke damunta, ta ba ni amsa, na kuma fahimci amsar.

Daga nan ne na shiga baƙin allon nan da ake rubuta umarni a cikinsa, wanda mutane da yawa ke tsoro. Gaskiyar magana, aikin da ake biyan albashi a kansa a nan yake, domin kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da bayanai, waɗanda ake kira uwar garke, galibi ba su da linzami ko hotunan da za ka danna, rubutu ne kawai. Umarnin farko ba su da wuya: pwd yana gaya maka inda kake, ls yana nuna abin da ke wurin, cd yana kai ka wata folda, cp yana kwafa, mv yana matsarwa ko sauya suna. Kuskuren da na yi a makonnin farko shi ne na sayi littafin rubutu na cika shi da jerin umarni ina haddacewa kamar ƙa'idojin nahawu. Bayan kwana uku sai in manta rabinsu. Abin da ya gyara mini hanya shi ne na hana kaina buɗe foldoji da linzami gaba ɗaya, duk abin da zan yi da fayil sai ta rubutu. Cikin mako biyu yatsuna suka riƙe abin da ƙwaƙwalwata ta kasa riƙewa, kuma idan na manta wani abu sai in rubuta man tare da sunan umarnin, littafin bayaninsa ya buɗe a kan na'urar ba tare da na kashe data ba.

Akwai wata hikima da Linux ya gada daga Unix wadda ta daɗe tana ba ni sha'awa, ita ce kowane ƙaramin kayan aiki ya iya abu ɗaya ya iya shi da kyau, sannan a jona su da juna ta yadda abin da ya fito daga wannan zai shiga wancan. Ana jonawar da wata alama mai kama da sanda a tsaye. Misali, idan kana da fayil mai layi dubu hamsin kana son sanin waɗanne ne suka fi maimaituwa a cikin layukan da ke ɗauke da kuskure, sai ka sa grep ya tsamo layukan, sort ya jera su, uniq ya ƙirga masu kama da juna, duk a layi ɗaya na umarni. Ranar da na fara yin wannan da kaina, na ga aikin da zai ɗauke ni wuni ya ƙare kafin in ɗauke hannu, a ranar na gane dalilin da ya sa tsofaffin ma'aikata ba sa barin baƙin allon.

Batun izini shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne nake ganin ya fi cancantar a zauna a kansa. A Linux kowane fayil yana da mai shi, yana da rukunin da yake ciki, sannan akwai sauran jama'a, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun ana iya ba shi izinin karantawa, ko rubutawa, ko gudanarwa. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a haɗa su. Saboda haka idan ka ga 755, ma'anarsa mai fayil yana da duka ukun, rukuni da sauran jama'a kuwa suna iya karantawa da gudanarwa amma ba sa iya sauya komai. Idan ka ga 600, mai shi kaɗai ke karantawa da rubutawa. Sau da yawa sabon shiga yakan ci karo da saƙon cewa ba shi da izini, sai ya ga wani a intanet ya ce a sa 777 matsalar ta wuce. Matsalar takan wuce kuwa, amma abin da ya yi daidai yake da mutumin da makullinsa ya ƙi buɗewa sai ya cire ƙofar gidan gaba ɗaya. Haka kuma umarnin sudo, wanda ke ba ka ikon babban mai kula da tsarin na ɗan lokaci, amana ce da ya kamata a yi tunani kafin a ɗauka, domin tsarin ba zai hana ka ɓarna ba idan ka umarce shi da wannan iko.

Darasin da ya fi zama mini a rai na same shi ne daga kuskuren kaina. Na so faifan waje ya riƙa haɗuwa da kansa duk lokacin da na kunna kwamfuta, sai na buɗe fayil ɗin /etc/fstab, inda ake rubuta faifan da tsarin zai haɗa idan yana tashi, na ƙara layi ɗaya, amma na yi kuskuren harafi a doguwar lambar shaidar faifan. Da na sake kunnawa, kwamfutar ta tsaya tana jiran faifan da babu shi na kimanin minti ɗaya da rabi, sannan ta faɗa yanayin gaggawa, babu hoto babu linzami. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin washegari ina da takardar neman aiki da zan tura, kuma a cikinta take. Tunanina na farko shi ne in share komai in sake ɗorawa. Sai na daure na karanta abin da ke kan allon, layi bayan layi, na ga ya ambaci lambar faifan da ya kasa samu. Na tashi kwamfutar daga filash ɗin da na girka tsarin da shi, na haɗa faifan ciki, na sa blkid ya nuna mini ainihin lambar, na gyara harafin, na kuma ƙara kalmar nofail wadda ke gaya wa tsarin ya ci gaba da tashi ko da faifan ba ya nan. Kwamfutar ta tashi lafiya. Tun daga wannan dare ba na taɓa wani fayil ɗin saiti sai na ajiye kwafinsa, kuma ba na rufe saƙon kuskure sai na karanta shi har ƙarshe. Ina ganin wannan ɗabi'ar, ta zama da matsala a karanta ta maimakon a guje mata, ita ce ainihin abin da mai ɗaukar aiki yake nufi idan ya rubuta cewa yana son wanda ya iya Linux.

Bayan kimanin wata biyar na tara kuɗi na yi hayar ƙaramar uwar garke a intanet mai ɗauke da Ubuntu, wani nau'in Linux. Ubuntu reshe ne na Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ne ya assasa Ubuntu a 2004, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi, ma'anarsa tana kusa da abin da muke kira mutuntaka. Na zaɓi fitowar da ake yi duk shekara biyu a watan Afrilu, mai samun tallafin shekara biyar, domin irinta kamfanoni suke amfani da ita. Ta hanyar ssh nake shiga daga ɗakina in sarrafa na'urar da ke wata nahiya. Kwana ɗaya kacal da kunna ta na buɗe kundin da ke rubuta yunƙurin shiga, sai na tarar da ɗaruruwan gwaje-gwaje daga adireshin da ban sani ba, manhajojin ɓarayi suna ta cankar kalmar sirri a ƙofa mai lamba 22. Babu wata lacca a kan tsaron bayanai da ta taɓa shiga jikina kamar wannan gani. A ranar na koyi shiga da makulli na lissafi a madadin kalmar sirri, na hana shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, na kafa shinge da ufw wanda ya rufe duk ƙofofin da ba na buƙata. Daga baya na girka Nginx, manhajar da ke miƙa shafukan intanet ga masu ziyara, na ɗora ƙaramin shafi, na sama masa takardar tsaro kyauta daga Let's Encrypt, na koyi tayar da hidima, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, da tsayar da ita da systemctl, na rubuta ɗan gajeren shiri na Bash, wato harshen umarnin baƙin allon, da ke kwafe fayiloli kowane dare. Duk saitin da na yi ina ajiye shi a Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da aka yi wa fayiloli, wanda shi ma Torvalds ne ya ƙirƙira a 2005, domin in samu abin nunawa idan an tambaye ni me na taɓa yi.

Akwai abu ɗaya da nake gargaɗin masu farawa a kansa, shi ne yawo tsakanin nau'o'in Linux. Akwai Debian da Ubuntu da Mint da Fedora da Arch da Kali da wasu ɗaruruwa, kuma na ga matasa da yawa suna sauya nau'i kowane mako, musamman masu gaggawar ɗora Kali domin a ce masu kutse ne, alhali ba su san yadda ake ƙirƙirar sabon mai amfani ba. Kali kayan aikin ƙwararrun masu gwada tsaro ne, ba a gina shi don koyon farko ba. Ya fi kyau mutum ya zauna a kan nau'i ɗaya daga dangin Debian har ya saba, sannan ya taɓa ɗaya daga dangin Red Hat kamar Fedora ko Rocky Linux, ya ga cewa bambancin da zai fara cin karo da shi bai wuce umarnin girka manhaja ba, apt a dangin Debian, dnf a dangin Red Hat.

Ba zan ɓoye wahalar da ke ciki ba. Wuta ba ta zama, data tana da tsada, hayar uwar garke da kuɗin jarrabawa da dala ake lissafa su, kuma kusan duk littattafan bayani da saƙonnin kuskure da Turanci suke, wanda hakan ke ƙara wa wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba nauyi biyu. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya farawa da Termux a wayar Android ya saba da umarnin farko, wanda kuma ba zai iya share Windows ba saboda wani aiki yana iya amfani da WSL, wanda ke gudanar da Linux a cikin Windows. Na yi farin ciki da na tarar cewa a cikin jerin madannan da Linux ke zuwa da su akwai na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kuma da shi nake wannan rubutu. Wasu mutane ne da ban san su ba suka zauna suka yi wannan aikin suka bar shi ga kowa, kuma hakan ya sa nake jin cewa fassara manhajoji da rubuta bayanansu da Hausa bashi ne a kan duk wanda ya amfana daga cikinmu.

Game da takardun shaida, na duba LPIC-1 mai jarrabawa biyu, da Linux+ na CompTIA, da LFCS na Gidauniyar Linux, da RHCSA na Red Hat. Biyun ƙarshe su suka fi kwanta mini, domin ba zaɓin amsa ake yi a cikinsu ba, ana ba ka na'ura ce a ce ka yi aiki a kanta cikin ƙayyadadden lokaci, abin da ka gyara shi ake dubawa. A ganawar neman aikin da na yi kwanan nan an ba ni kwamfuta aka ce wani shafi ya daina buɗewa, in nemo dalili. Na duba ko hidimar tana aiki, na ga ta tsaya, na karanta kundin rahotonta, na ga ta kasa rubutu, na sa df ya nuna mini yawan wurin da ya rage, sai ga faifan a cike. An yi mini wata tambaya a kan Docker, manhajar da ke gudanar da manhajoji a cikin keɓaɓɓun akwatuna, tambayar da ban iya amsawa yadda ya kamata ba, kuma na faɗa musu iyakar abin da na sani. Har yanzu ina jiran sakamako. Kafin ya zo, na ɗauko jerin abubuwan da ake gwadawa a LFCS na manna a bangon ɗakina, kowace safiya bayan asuba, lokacin da aka fi samun wuta a unguwarmu, nakan ɗauki ɗaya in yi shi a kan tsohuwar kwamfutar, wannan makon kuma ina kan yadda ake faɗaɗa faifai da LVM, tsarin sarrafa wurin ajiya na Linux, ba tare da an kashe na'ura ba.